Dogon Idon Mai Lofe

Zuru, 8 ga Agusta, 1936

Zuwa ga maiɗakina Kulu, a Bena.

Gaisuwa mai yawa da bege. Ina fata kina lafiya, ke da nauyin da kike ɗauke da shi, Allah Ya sauke ki lafiya. Ki gaishe mini da Inna, ki ce ina tambayar ƙafarta. Ina gaida Malam Lukuman mai karanta miki takarduna, ina kuma roƙonsa kada ya riƙa tsallake inda na yi wasa.

Bayan haka, ni ma lafiya lau nake, sai dai aikin tafinta da nake yi wa Bature ya ƙaru da wani sabon wulaƙanci. Di'o Mai Lofe ya dawo daga hutu da wata kyamara 'yar ƙarama, tafin hannu ya ishe ta, ba irin akwatin nan mai ƙafafu da baƙin mayafi ba. Idonta biyu ne, ana kwance wannan a ɗaura wancan. Ɗaya gajere, ɗaya kuma ya kai tsawon gaɓar rake, ga nauyi. Lawwali kuku ya sa masa suna dogon ido, sunan kuwa ya bi shi.

Ba ta cikin idon ake leƙawa ba. Akwai wata 'yar taga a gefe, in ka leƙa sai ka ga abu ya rabu biyu, ka yi ta murza wuyan idon har biyun su koma ɗaya, sannan ka danna. Dogon idon ba ya son rawar hannu ko kaɗan. To, kin san maganin da Bature ya samo? Kafaɗata. Ni da na yi shekara huɗu ina koyon boko, yanzu aikina in tsaya ƙiƙam in riƙe numfashi, a ɗora mini ƙarfe kusa da kunne. Ranar Talata da hantsi haka muka yi a kan dutsen da ke bayan bariki, ya ɗauki wasu shanu can nesa, waɗanda ni ban ga komai nasu ba sai ɗige-ɗige. Ya ce in hoton ya fito zan ƙirga ƙahonsu. Abin ya tsaya mini a rai. Ashe mutum yana can yana harkarsa, wani yana nan yana ɗaukarsa bai sani ba.

Akwai wata 'yar magana da za ki ji a bakin fatake, gara ki ji daga gare ni. A Talatar nan shanu sun shiga gonar Dodo, manomin nan na bakin rafi, sun tattake dawa mai yawa. Da yake rugar yayanki Jibo ce mafi kusa, sai aka kai shi gaban alƙali. Ya dafa Alƙur'ani ya rantse shanunsa ba su taɓa tsallake rafin ba. Dodo ma ya ce shi bai ga kowa da idonsa ba, kuma shekara da shekaru suna zaman lafiya da Jibo, shi ya ba da kara, Jibo ya ba da taki. Babu shaida, alƙali ya ɗage maganar. Kada ki sa ta a ranki.

Ki ci abinci, ki rage zuwa rijiya. Ki huta lafiya.

Mijinki, Mode

Zuru, 3 ga Satumba, 1936

Zuwa ga Kulu.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta Inna da ta mutanen gida duka, ina roƙon Malam Lukuman ya karanta miki wannan ke kaɗai.

Hotuna sun dawo daga Legas, inda ake aika su a wanke. Da farko dariya muka sha. Akwai wanda Di'o ya ba ni in ɗauke shi a kan doki, na leƙa tagar nan na gan shi sarai daga hula har kofato, amma abin da ya fito tumbinsa ne da gashin wuyan doki. Ashe dogon ido tsakiyar abu kawai yake tsinka, ya bar maka sauran. Ina cikin dariya sai na ga Bature ya turo mini wani hoton ya ce shanun wa ne waɗannan.

Kulu, na jawo shi kusa na duba. Hoton ranar Talatar nan ne. Ga shanu sun yi cincirindo, ga dawar Dodo tsaye a kansu, bakunansu a cikin ganye. A gaba kuma ga jar saniyar nan mai karyayyen ƙaho, wadda ke da kanki kika sha tatsa. Da na ce ban sani ba, da maganar ta mutu nan. Amma ya kafe ni da ido, ni kuma bakina ya riga ni. Na ce na Jibo ne.

Washegari ya aike ni da hoton wurin alƙali. Babu wanda ya taɓa riƙe irinsa a zauren, muhuti, mataimakin alƙali, ma a kife ya karɓa. Ni na juya musu shi, ni na sa yatsa na ce ga dawa, ga shanu, ga mai karyayyen ƙaho. Jibo ya sake cewa shi dai shanunsa ba su tsallake ba, ko takarda ta ce me. Aka tambaye ni ko wannan abu yana ƙarya. Na ce ƙarfe ne da gilashi, ba shi da dangi, ba shi da abokin gaba, kuma a kan kafaɗata aka ɗauka. Yayanki kallona kawai ya yi.

An ba shi kwana uku ya bar ƙasar Zuru da shanunsa, cikin tsakiyar damina, ko'ina gonaki, rafuka sun cika. Ya tashi jiya, sun yi wajen Mahuta. Korar ba ta kai abin da ake faɗi a kasuwa ciwo ba, wai ga mutumin da ya dafa Alƙur'ani a kan ƙarya.

Na san ranki zai ɓaci da ni. Ni ma nawa a ɓace yake, har da shi. Shekara bakwai muna cin tuwo a akushi ɗaya, ban taɓa zaton zai iya irin wannan rantsuwa ba. Da ya zo mini tun farko ya ce shanu sun kuɓuce masa, da mun je mun ba Dodo haƙuri. Ni abin da idona ya gani na faɗa, ki yi mini adalci.

Ina jiran amsarki. Allah Ya ba mu haƙuri.

Mijinki, Mode

Zuru, 14 ga Satumba, 1936

Zuwa ga Kulu.

Ina gaishe ki, ina tambayar jikinki. Fatake sun iso sau biyu daga Bena, babu takarda, babu ko saƙon baka. Ban ga laifinki ba. Abin da zan gaya miki yau ya fi na baya muni.

Di'o ya ba Lawwali hotonsa, ya manna shi a bangon kicin yana ta nuna wa kowa. Shekaranjiya na shiga shan ruwa na tsaya ina yi masa tsiya, sai na lura da wani abu. A hoton yana tsaye a ƙofar kicin, ga bishiyar kukar nan dab da bayansa, ka ce jingina zai yi da ita. Kukar kuwa kin san ta, can bayan bargar dawaki take. Na fita na auna da ƙafata, taku ɗari da arba'in. A hoton ko taku biyu babu.

Ban koma ofis ba. Na miƙe sai gonar Dodo. Na nemo tsamiyar da ta fito a gefen hoton shanun, na tsaya inda suka tsaya. Kulu, tsakanina da dawa akwai kwari, a cikin kwarin ga rafi, ruwa ya kai ƙirji. Na zagaya ta mashigi na auna abin da zan iya aunawa, ya fi taku sittin. Daga kan dutse ba a ganin kwarin. Dogon ido ya jawo dawa ya ɗora ta a kan shanu, ya haɗiye rafi guda da ruwansa. Shanun yayanki suna wannan gaɓa suna kiwonsu, bakinsu bai taɓa ganyen kowa ba.

Na zauna a gindin tsamiyar na rasa abin da ke mini daɗi. Nan Dodo ya same ni. Da ya gane abin da nake aunawa sai ya girgiza kai, ya tuna mini cewa ranar shari'a ya faɗa, sawun da ya gani a gonarsa daga kudu ya fito, ba daga rafi ba, mai yiwuwa garken matafiya ne. Aka ce masa ya zauna, takardar Bature ta riga ta yi magana. Wallahi na ji shi a ranar, ina tsaye da hoton a hannuna, na bar maganar ta wuce.

Ashe Jibo gaskiya ya rantse. Ni ne na tsaya a gaban jama'a na mai da shi maƙaryaci. Na ce abin ba shi da dangi, na manta ni ina da su.

Dole in gaya wa Di'o, amma kin san halinsa, ba ya son a ce kayansa na da aibi, kwanan nan kuma zazzaɓi ya sa shi faɗa da kowa. Ina jiran ranar da zan same shi da fara'a. Ki taya ni da addu'a, in har kina iyawa.

Mijinki mai kunyarki, Mode

Zuru, 24 ga Satumba, 1936

Zuwa ga Kulu.

Sallama da gaisuwa. Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da Inna. Ba zan ja ki da nisa ba.

Sai da na kwana shida sannan na iya buɗe baki. Na jera wa Di'o hoton Lawwali da na shanu a kan tebur, na faɗi takun da na auna, ina jiran tsawa. Ko lofen bai cire daga bakinsa ba. Ya ce ai haka ne, dogon ido haka yake, yana matse na gaba da na baya su zama kamar wuri ɗaya suke, duk mai irin wannan kyamara ya sani, har a 'yar takardar da ta zo da ita an rubuta. Ya ce bai kawo abin a ransa ba ne a lokacin. Ya yaba mini da lura, ya rubuta wa alƙali layi uku, ya tambaya ko an kawo shayi. Na tattara hotunan na fito. Abin da ya tashi ruga guda, ya ɓata sunan mutum, ashe a wurinsa sanannen hali ne na ƙarfensa.

Alƙali ya janye hukunci, ya sa aka yi shela a kasuwa cewa Jibo ya kuɓuta, ya dawo mazauninsa in ya so. Na ari doki na bi su. Na same su gaba da Mahuta kaɗan, a wani fako mara ciyawar kirki. 'Yan maruƙa biyu ruwa ya tafi da su a mashigi. Matarsa Fadima tana kwance, ruwan sama ya dake ta a hanya, amma da sauƙi.

Ya karɓe ni yadda ake karɓar baƙo. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo nono, ya koma nesa kaɗan ya zauna. Na faɗa masa komai, kukar Lawwali, tsamiya, kwarin, maganar Di'o, shelar alƙali. Na ce ya yafe mini. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni yaushe na auna rafin. Na faɗa masa. Ya ƙirga kwanakin da yatsunsa a hankali.

Ya ce, "Ran da ka auna da ƙafarka kag gani, mi ya hana ka tahowa? Na rantse da Littafin Allah, ba ka yarda ba. Ƙafarka ta gaya maka, ba ka taso ba. Sai da Nasara yac ce i."

Kulu, na yi shekara tara ina juya maganar mutane daga wannan harshe zuwa wancan, ban taɓa rasa abin faɗa ba sai ranar.

Ya ce yafiya ya yafe, don ba ya son ya tashi da kayan kowa gobe kiyama. Amma Zuru ba zai koma ba, da kaka za su yi gaba. Ya raka ni har wurin doki, ya riƙe mini linzami na hau. Na ce ko akwai saƙon da zan aika miki, tunda ina rubuto miki takarda. Ya ce in gaida maigidana Bature. Ke kuwa, ya ce zai zo Bena da ƙafarsa ya gaishe ki, ya daina aika magana ta bakin tafinta.

Zai riga takardata ta gaba isowa. Duk abin da ya gaya miki a kaina, ki yarda da shi.

Mode