Tafintan da Ba Ya Jin Jamusanci

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ya ƙafar Inna? Ya Anti Rabi da yara? Ni lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake, kuma kai ne sila.

Wa ya ce ka gaya wa surukinka Alhaji Sabo na ƙware a Jamusanci? Da ya iso Kuala Lumpur ya kira ni, na taso daga unguwarmu Cheras ina zaton gaisuwa ce. Sai ga ni gaban wani Bajamushe mai sayar da injin casar shinkafa. Mutumin yana jin Turanci sarai, amma Alhaji ya ce, "Yi masa yarensu, zai fi sassauta mana." Bajamushe ya zubo magana, ko kalma ɗaya ban gane ba.

Yaya, na sha gaya maka, bincikena a kan kakannin harsunansu ne, irin su Gotik: asalin aikatau, da yadda wasu ke sauya wasali don nuna abin da ya wuce. Masu yaren sun daɗe da mutuwa. Na yau kuwa ko sannu ban iya ba.

Muna fita Alhaji ya ce, "To me kake yi a nan duk shekarun nan?"

Don Allah ka wanke ni a wurinsa kafin zancen ya kai kunnen Inna. A taya ni da addu'a, a gai da kowa. In za ka sake haɗa ni da Bajamushe, nemo wanda ya shekara dubu a kabari, da shi kaɗai za mu fahimci juna.

Ƙaninka,
Nasiru