Hanyar Da Na Share Wa Kaka

Zuwa ga Kakana,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Yaya ƙafa? Allah ya ƙara sauƙi. Ina gaida Goggo da yaranta.

Bayan haka, albishirinka. Ka tuna ramukan da kuka haƙa kuna ɗibar yumɓu, lokacin da kake aiki a masana'antar bulo? Bayan an rufe ta, masu gyaran muhalli sun kwashe ƙarafa, sun buɗe wa ruwa tsohuwar hanyarsa. Ƙungiyarmu ta makaranta ce ta dasa ciyayi a bakin ruwan, yanzu har sun fi ni tsawo. Jiya da safe na ga gauraka biyu, da tukkun nan nasu mai ruwan zinariya. Ka sha gaya mini rabonka da su tun ranar da aka kunna injin farko. Malamarmu ta ce sun yi sheƙa a tsakiyar ciyawa, kada kowa ya matsa kusa. Don Allah ka zo.

Ka huta lafiya.
Jikarka.

*

Zuwa ga Shiru-shiru,

Bayan gaisuwa. Ashe bakin naki a takarda yake, a gabana kuwa sai sunkuyar da kai! Goggonki ce take rubuta mini wannan, tana ta mita wai na cika surutu.

Gauraka? Ki duba dai, ba agwagin maƙwabta ba ne suka yi kwalliya? In gaskiya ne, na ce a haɗa mini jaka. Direban da zai kawo ni sai ƙarshen wata. Ƙafar nan ba ta kai ni nesa, amma ko da jan gindi ne sai na zo. Ki gaida iyayenki.

Allah ya yi miki albarka.
Kakanki.

*

Zuwa ga Kakana,

Ina gaisuwa, da fatan jiki da sauƙi. Na daɗe riƙe da biro ban san ta inda zan fara ba.

Da ka ambaci ƙafarka, sai na yi ta tunanin yadda za ka ratsa ciyawar da sanda. Daga bakin titi ba a hango sheƙar. Ban faɗa wa Malama ba, don na ji nauyin tambayarta. Ranar da babu makaranta na ɗauki laujen Baba, na yanke siririyar hanya, na cire duwatsu don kada ka yi tuntuɓe, har na ajiye kututture inda za ka zauna. Wallahi a hankali na yi. Tsuntsayen sun tashi suna kuka a kaina, na ɗauka in na tafi za su sauko.

Washegari na ga sawun kare a kan hanyar. Ya bi ta har sheƙar, ƙwayayen da ke ciki sun fashe. Gaurakin sun yi kwanaki suna shawagi, daga nan ba a sake ganinsu ba.

Malama ba ta yi mini faɗa ba. Ta kalli hanyar, ta ce, "Kin dai iya shara." Da dukana ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kada ka wahalar da kanka da tafiya. Ka yafe mini.

Jikarka.

*

Shiru-shiru,

Gaisuwa da sa albarka. Goggonki ta karanta mini, ta kai tsakiya ta tsaya, sai da na ce ta ƙarasa.

Ke ba ki tambayi dalilin da ya sa take rubuta mini ba? Ba rawar hannu ba ce. Idon ne ya tafi tun bara, na hana a gaya miki saboda jarrabawarki. Ni ba kallo zan zo yi ba, yarinya. Kukansu nake so in ji. Gauraka in ta yi kuka da sassafe, daga bakin titi ma ana jin ta, ko daga mota ba sai na sauka ba.

Kin yi shiru, na yi shiru, ga inda ya kai mu. A gidan nan kika gado shi.

Ki bar kuka. Ciyawa za ta rufe hanyar. Ko za su dawo baɗi, ko ni zan kai baɗin, wannan ba a hannunmu yake ba. Amma kututturen nan, na gode. Ba wanda ya taɓa tanadar mini wurin zama a ramin nan.

Kakanki.

*

Kaka,

Ina gaisuwa. Na mayar wa Baba laujensa. Ciyawar da na yanke ta sake tsirowa, har ta kawo mini gwiwa.

Kullum kafin in wuce makaranta ina tsayawa a bakin titi, in rufe ido, in saurara. Har yanzu kwaɗi kawai nake ji.

Ka ce wa Goggo kada ta kwance jakar.

Ka huta lafiya.
Shiru-shirunka.