Ku Dawo Mana da Labarin Jinin 'Ya'yanmu

Zuwa ga Shugaban cibiyar binciken rigakafi, Yamai.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina taya ku murnar kyautar da matashiyar likitarku, Dokta Ramatu, ta ci. Sunana Hajo, ungozoma ce ni a wani ƙauyen Kurfai, arewa da Filinge. A rediyo na ji labarin, har na rangaɗa guɗa. Yau ko rijiya ba na iya zuwa sai na sunkuyar da kai.

Na farko. Bayan girbin gero, shekara biyu ke nan, Dokta Ramatu ta zo neman jinin yaran da aka yi wa allurar ƙyanda, don ta duba ko ta kama. Ba wanda ya shimfiɗa mata tabarma. A nan, ko jinin akuya aka zubar wa iskoki, an san wanda ya karɓa da abin da za a samu. Tsofaffi suka tambayi abin da zai dawo. Ni na dafa ƙasa a gabansu, na rantse labari zai dawo gida gida. Hannun jikana Idi, wanda nake tsokana da angona, shi na fara miƙawa.

Na biyu. Rediyo ya ce binciken ya gano akwai yaran da allurar ba ta kama su ba, sai an sake. To, su wane ne? Na hau amalanke har Filinge, likita ya ce ba a aiko musu komai ba. Na kira cibiyarku har na gaji, aka ce sirri ne, lambobi ke jikin kwalaben jinin, ba sunaye ba. Sirri daga wa? Daga uwar da ta danne yaron yana tsala ihu?

Na uku. Ƙyanda ta ɓulla a ƙauyukan hanyar Sanam. Mata sun ce an sayar da jinin ne aka ci kyauta, da sun ga masu allura sai su tura yara cikin rumbu. Surukata ma ta ɓoye ƙanwar Idi. Ni na san ƙyanda, 'ya'yana biyu ta ɗauke a mako guda. Wallahi tsoro nake ji.

Ba na zargin yarinyar nan, Dokta Ramatu, ta sha furarmu, ta goyi 'ya'yanmu. Roƙona ku turo ta, ko da yini ɗaya ne, ta tsaya gaban tsofaffin da na rantse wa. In ba hali, ku aiko wa likitan Filinge lambobin yaran da allurar ba ta kama ba. Kowace uwa na da tata maƙale a katin allurar ɗanta, ni zan bi gida gida.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa Dokta Ramatu basira, ya raba ka da ganin ɗanka kwance. Idi shi ne lamba goma sha bakwai a littafinku. Ku buɗe ku gaya mini ko allurar ta kama shi, tun yana gudu da ƙafafunsa.

Wassalam.

Hajo ungozoma, Kurfai.