Gurguwar Tunkiyar Sifis

Litinin, 4 ga Maris
Cinka wannan: makiyayi da tumaki ɗari, ɗaya ce tak tasa, ita ma gurguwa. Mece ce?

Malam Pantelis na makarantar ƙauyenmu ya zo da jaka cike da takardu. Zai buga baitocin da marigayi mijina Sifis ya riƙa rerawa a bukukuwa, kafin cikar shekara da rasuwarsa. Ya tattaro ɗari daga bakin mutane. Na ba shi cuku da zaitun. Ya cinye tas.

Laraba, 6 ga Maris
Ya dawo da jan biro. Kowane ɗango gaɓa goma sha biyar, in ji shi, takwas, a numfasa, sai bakwai. Ga amsa-amo, ga baƙaƙe masu maimaita kansu. Ya karanta:

Dutsen da iska ta daka bai taɓa yin kuka ba,
Ni ma ina nan kan tudu, ban sauko don kowa ba.

“Inna Argiro, kin ji takun namiji yana hawan dutse?”

Takun namiji! A kan masaƙata na yi shi, ƙoshiya takwas zuwa, bakwai dawowa, wake na ƙonewa a wuta. Shekara arba'in ina cusa wa Sifis baitoci yana karin kumallo. Wa zai saurari mace a teburin maza?

Asabar, 9 ga Maris
Kaina ciwo. Ko Sifis bai yi mini surutu haka ba.

Talata, 12 ga Maris
Yau ya ja layi a kan ɗaya:

Argiro, na gan ki bakin rijiya da tulu,
na manta sunan tumakina duka, har da na kare.

“Wannan ba nasa ba ne, Inna. Ba kari, ba amsa-amo. Ɗingishi yake. Zan cire.”

Na ce, “Ɗan nan, kai ma da gilashinka ɗingishi kake, mun cire ka?”

Wannan baitin kaɗai Sifis ya yi da kansa. Ranar da ya faɗa mini, dariya na yi har tulun ya faɗi, kuma ban daina yi masa tsiya a kai ba sai da ya mutu. In na faɗi gaskiya, na tuɓe mutumin a kabari. In na yi shiru, an fitar da shi daga littafinsa.

Lahadi, 17 ga Maris
Jikata Stella ta same ni a masaƙa ina ƙirga da yatsu. “Kaka, bargo kike saƙa ko waƙa?” Na ce ta je ta nemo miji, ja'ira. Kallon da ta yi mini... ta gane.

Gyara baitin nake, don malam ya karɓa. Ya zauna cif, sha biyar da sha biyar. Karen ya fita daga baitin. Na rera, ban ji muryar Sifis a ciki ba ko kaɗan. Na bar shi.

Alhamis, 21 ga Maris
Na ce da Pantelis ko gurgun ya zo a shafin farko, ko ya nemi cuku a wani gida. Ya tambayi dalili. Na ce tsufa. Ya yi gunaguni, ya rubuta.

Da safe na ji wata tana rera shi a bakin murhu, ba ta yi dariya ba, alhali ni kaɗai ce a gidan. Hayaƙi ya yi yawa a ɗakin nan, idona sai ruwa.

Gurguwar tunkiyar ita ce baitin rijiya. Sauran casa'in da tara duk nawa ne.