Ledar da Na Manna wa Fitilun Kafili

Lahadi, 12 ga Rajab 1430

Ko abinci na kasa ci yau.

Yashin hanyar Abhur yana cin gilashin fitila, shi ya sa jiya kafilina, Balaraben da nake wa direba, ya ce in kai motar shagon Baba Isa a unguwar Bagdadiyya, ya manna wa fitilun ledar kariya, mai garau ɗin nan. Ni kuwa na ce a raina, manna leda har wani aiki ne? Na karɓo ledar kawai. Baba Isa ya ce, "A inuwa ake yi, ka fesa ruwan sabulu tukuna." Ban saurara ba. Na manna ta a bushe da rana tsaka, ta yi ƙuraje kamar mai ƙyanda, ga yashi a ciki.

Da safe kafili ya tambayi wanda ya yi wannan aika-aika. Tsoron kar ya karɓe makullinsa ya sa na ce, "Mai shagon ne."

"Yalla, mu je."

Ni na tuƙa mu har can. Ya yi ta zazzaga wa tsohon faɗa a gaban mutane. Baba Isa ya dubi fitilar, ya dube ni sau ɗaya, ya ce, "Ma'alesh, a yi haƙuri, hannun tsufa ne." Ya ɓare ledar, ya yanko sabuwa, ya miƙo min kwalbar feshi. "Riƙe min, ɗana. Wannan karon ka duba da kyau."

Baba Isa ne fa ya yi min hanyar aikin direban nan. Wallahi da tona ni ya yi, da yanzu na yi barci.