Gwiwar Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ke da maigidanki, Ya sauƙaƙa muku aikin da ya nisanta ku da mu. Inna ta samu sauƙin hawan jinin, Kawu kuwa yana nan yana faɗa da rediyonsa.

Na zaɓi rubutu ne don a waya bakina ba zai iya ba. Wata huɗu ina ce miki Autarki da kika bari a hannuna tana lafiya lau, alhali ƙarya nake yi. Faɗuwa ta yi daga keke a ƙofar gida, gwiwa ta kumbura suntum. Ni kuwa, da shekara goma ina sayar da magani a kemis, na latsa na ce targaɗe ne. Na ba ta maganin ciwo, na naɗe da bandeji. Da ta ce ƙafar ba ta miƙewa, na ce shagwaɓa ce, na kora ta makaranta tana ɗingishi. Sai bayan sati uku malamarsu ta sa na kai ta asibiti.

Likita ya nuna mini hoton ƙashin. Ashe a saman ƙashin ƙwauri, can cikin gwiwa, akwai ɗan tsinin ƙashi da jijiyar da ke riƙe gwiwa take kamawa, shi ne ya ɓalle ya ɗaga. Ya ce da an zo da wuri, wataƙila filasta ta sati shida ta wadatar. Ya tambaye ni sana'ata. Wallahi Yaya, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Tiyata aka yi, ta ƙananan huji biyu, aka ɗinke ƙashin a mazauninsa.

Da a nan na tsaya da sauƙi. An ce in riƙa kai ta gashin ƙashi sau uku a sati ana lanƙwasa ƙafar. Ranar farko ta yi kuka har muryarta ta dushe, ni kuma laifina ya hana ni jurewa, na daina kai ta wata guda cur. Garin neman gira na rasa ido, gwiwar ta sandare. Likita ya ce ƙashi ya haɗe, kuma yawancin yara suna komawa gudunsu, amma idan nan da sati shida ba ta lanƙwasu ba, sai an sake shiga da ita tiyata a saki tabon da ya riƙe gwiwar, ko ta girma da ƙafa a ƙage.

Mun koma gashin. Ta ce za ta daure in ke kike ƙirga mata lanƙwasawar a waya, amma ta roƙe ni kada in gaya miki dalili, wai kada ki yi fushi da ni ki ɗauke ta daga hannuna. Yarinyar da na kira mai shagwaɓa ke nan take rufa mini asiri. In kin ɗauke ta ban ga laifinki ba. Ki dai kira ran Litinin ƙarfe goma, lokacin muna ɗakin gashi.

Inna da Kawu suna gaishe ku, ki gaida maigidanki da babbar 'yarki. Ki sake duba hotunan Auta da nake aiko miki, za ki ga duk a zaune take.

Ƙanwarki mai neman gafararki.