Hannun Guduma

Asabar, 7 ga Oktoba

Shekara bakwai ke nan rabona da gida. A ɗakin sanyi na mayanka na tuna, da cinyar sa a kafaɗata, oga yana zazzaga mini masifa a kan motar da ba ni na makarar da ita ba. Na soka naman a ƙugiya da ƙarfi har ƙashin ya yi ƙara, na ce a raina wuyansa ne.

Da rana na wanke hannu da lemun tsami, na ɗauki ɗamin katina masu hoton dodanni zan tafi shagon da muke wasa. Direba, wanda muke ɗaki ɗaya da shi, yana kwance a gadonsa yana kallona. Wai gardi kamar ni, mai 'ya'ya uku, ya je ya zauna yana yaƙi da dodannin takarda. Wai gara ma caca, ita ko ba komai akan dawo da wani abu. Na ce masa ya ji da basir ɗinsa.

Na daina yi masa bayani. A mayanka ana ture ni, a zazzage mini jaka a bakin ƙofa, a lalube mini aljihu ko na saci ƙoda. A ɗakin bayan shagon katin nan kuwa, mutum ya zo da motarsa mai tsada, ya zauna a gabana, ya nuna katina da yatsa ba tare da ya taɓa ba, ya ce, “In duba?” Sai na ce e, sannan ya ɗauka. Duk faɗin garin nan babu inda ake neman izinina sai a kan teburin nan. Abin da ke kai ni ke nan. Dodannin daga baya suka shiga raina.

Baba Tela ne ya koya mini zaman. Ba a ci ba a sha a kan tebur. Ba a ɓoye yawan katin da ke hannu. Duk abin da za ka yi, faɗe shi a ji. In aka miƙo maka ɗamin wani ka cakuɗa, yi a hankali, guminsa ne a hannunka. In ka ci wasa, rufe bakinka ka jira. Wanda aka cinye shi ke fara miƙo hannu.

Yau na ci biyu, an ci ni biyu.

Litinin, 9 ga Oktoba

Sanyi ya sake tsaga mini bayan hannu. Jinin da ke kan rigar aiki yau har da nawa.

Asabar, 14 ga Oktoba

Wannan sai na rubuta shi.

Akwai wani makanike da ya fara zuwa kwanakin baya, Guduma ake ce masa. Wuyansa kamar na bijimi. Yau aka haɗa shi da Baba Tela a zagaye na biyu, ni ina teburin da ke gefensu. Baba ya cinye shi, ya yi shiru yadda ya saba, hannuwansa a kan gwiwa. Guduma ya miƙo hannu yana murmushi. “Ka iya, tsoho.” Baba ya ba shi nasa.

Na san ƙarar nan. Kullum ina jin ta in na ɓalle gaɓar akuya. Ƙas. 'Yar ƙarama, ba wanda ya juyo sai ni.

Baba bai yi ihu ba. Fuskarsa ta koma kamar toka. Da hannun hagu ya tattara katinsa, ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa Mai Shago kansa ke ciwo, ya fita. Guduma kuwa ya koma ya zauna yana jera katinsa cikin natsuwa, kamar wanda ya idar da nafila.

Na gama wasana. An ci ni, ban ma san da me ba.

Talata, 17 ga Oktoba

Na biya ta shagon Baba bayan aiki. Yatsu biyu a ɗaure da ɗan ƙarfe, sun kumbura sun yi baƙi. Likita ya ce ya manta da almakashi sai bayan wata guda da wani abu. Yadin mutane jibge a kan keken ɗinki, wata mata tana tsaye a bakin ƙofa tana faɗa a kan rigarta.

Na ce ya je ya gaya wa Mai Shago. Ya ce, “In ce me, ɗana? An gaishe ni na karye?” Wai ƙashinsa ne ya tsufa. Wai in bar maganar.

Tsohon da ya zauna da ni Asabar bayan Asabar yana karanta mini rubutun kati, lokacin da ban iya ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Laraba, 18 ga Oktoba

Na je wurin Mai Shago da kaina. Tana goge gilashin kanta, ba ta daina ba har na gama. Ta ce ta ji ƙishin-ƙishin, ba Baba ne na farko ba, wani ma'aikacin banki da ke zuwa wasa ma ya yi kwanaki ba ya iya riƙe biro. Amma me za ta ce mutum ya yi? Ya sha kashi, ya miƙa hannu, ya yabi wanda ya ci shi. Duk ladabin tebur ya cika.

“Doka ɗaya ce,” in ji ta. “Wanda ya ji wa wani ciwo a ɗakin nan ba ya sake taka ƙofata. Amma sai na gani da idona, ko mai ciwon ya faɗa.” Sai ta dubi hannuwana a kan kanta. “Har da kai, Mai Nama.”

Ba ta yi ƙarya ba. Da ni ne a matsayinta haka zan ce. Wannan ya fi komai ba ni haushi.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Na gwada a kan ƙafar ɗan maraƙi. Hannu ɗaya, ba wuƙa. A karo na uku ta ba da ƙarar.

Asabar, 21 ga Oktoba

Ba a haɗa mu ba. Ma'aikacin banki aka ba ni, na gama da shi da wuri, na koma jikin bango ina kallon Guduma.

Na so in kama shi yana maguɗi. Da na kama shi da shi ke nan, Mai Shago ta kore shi, ni kuma in zauna da kujerata. Babu. Kafin ya zauna sai da ya wanke baƙin mai daga farcensa har fatar ta yi ja. Yana faɗin kowane kati da babbar murya. Da ya zari kati biyu bisa kuskure maimakon ɗaya, shi da kansa ya ɗaga hannu ya kira Mai Shago. Ɗamin mutane kuwa yana cakuɗa shi kamar mai juya jariri.

Duk wasanninsa ya ci yau, ba wanda ya karye. In shi ya ci, hannunsa laushi. Sai an ci shi.

Ɗan banza mai ladabi.

Talata, 24 ga Oktoba

Uwar yara ta kira. Ƙaramar ta fara zuwa makaranta, ba ta san fuskata ba sai a waya. Ta ce muryata ta canza, ko lafiya? Na ce sanyin wurin aiki ne. Ta ce, “Baban yara, ka dai riƙe zuciyar nan taka.” Na ce a riƙe take.

Alhamis, 26 ga Oktoba

Na san abin da zan rasa. In aka hana ni shagon nan, saura mayanka da ɗakin nan da minsharin Direba. Na faɗa wa kaina a hankali zan yi, yadda shi yake yi, ba mai gani. Gaisuwa ce kawai.

Asabar, 28 ga Oktoba

An haɗa mu. Zagaye na uku.

Ya zauna, ya ce, “Sa'a, Mai Nama.” Na ce sa'a. Ya cakuɗa ɗamina, ina kallon yatsunsa ina roƙon Allah ya lanƙwasa mini ko kati ɗaya, in samu dalili. Ya miƙo mini shi a miƙe, gefe da gefe daidai.

Na ci wasan farko, ya ci na biyu. A na uku na sauke Baƙin Maciji, katin da ke rage wa abokin karawa rai ɗaya cikin rayukansa na wasa duk lokacin da wasa ya zagayo kaina. Amma sai mai katin ya faɗa da bakinsa, in ya manta ya wuce ke nan, kuma ba dole ba ne a tuna masa. Na manta. Hankalina yana kan hannunsa na dama, ina auna inda zan sa babban yatsa. Har na kai hannu zan zari kati, sai ya ce, “Dakata. Macijinka bai sare ni ba.” Ya juya ɗan lidon da yake ƙirga ransa da shi, daga huɗu zuwa uku.

Uku nake da ikon bugawa. Uku cif. Ya sani, katunan suna gabansa a buɗe.

Na buga. Ya mutu. Na rufe bakina na jira, yadda Baba ya koya mini. Jijiyar wuyansa ta tashi, kunnuwansa suka yi ja. Sannan murmushin nan ya zo, hannun ya biyo baya. “Ka iya.”

Da na ga dama da na dafa ƙirji na ce na gode, hannuna da rauni. Tsagar sanyin tana nan, kowa zai gani. Tunanin ya zo mini, ba zan ce bai zo ba. Na ba shi hannu.

Ban san wanda ya fara matsawa ba. A'a, na sani. Tare muka fara. Hannunsa kamar filaya, na ji ƙashin bayan hannuna yana haɗuwa. Amma shi ƙarfe yake murɗawa, ni gaɓa nake ɓallewa tun safe har yamma, na san inda take. Na sa babban yatsa a gindin ɗan alinsa, na juya. Ƙas. Na ji daɗin ƙarar. Wannan ma sai na rubuta.

Shi ba Baba ba ne, bai yi shiru ba. Ya yi gurnani ya kawo mini karo da goshi a hanci. Na ga wuta. Teburin ya kife, ya daki ɗan bencin da ke jikin bango, babbar butar shayin Mai Shago ta faɗo ta fashe a kan komai. Na same shi a ƙasa, gwiwata a ƙirjinsa. Na daka, na sake dakawa. Leɓensa ya tsage, haƙori ya yanke ni a dunƙulen hannu, ban tsaya ba. Jinin hancina yana ɗiga a fuskarsa. Wani yana ihu in bari, zan kashe shi. Mutum uku suka ɗaga ni, ina ta shure-shure, takalmina yana murƙushe kati, ban san na wa ba.

Ma'aikacin banki ya sa shi a mota zuwa asibiti.

Mai Shago ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko tsintsiya ta share katunan daga cikin shayi da jini da fasassun kwalba, ta zuba a leda, ta miƙo mini. “Naka da nasa ne, sun cakuɗe. Ba na son in ƙara ganin ko ɗaya a cikinsu. Kai ma haka.” Na ce shi ya fara, tun a kan Baba. Ta ce, “Na yarda. Amma kai na gani.”

Na fito. Har yanzu akwai rana, mutane suna ta sayayya.

Ruwan shayin ya shiga rigunan robar da ake sa katunan a ciki. In ba a zare su da wuri ba takardar kumbura take yi, hoton ya saɓule. Da na iso ɗaki na cusa auduga a hanci na zauna a ƙasa ina zarewa.

Lahadi, 29 ga Oktoba

Na je wurin Baba da kumburarren hanci. Labari ya riga ni. Bai ba ni kujera ba.

“Na aike ka?” Ya ɗago ɗaurarrun yatsunsa har gaban idona. “Duba da kyau. Sun warke?” Sannan ya juya wajen kekensa, ya ce a hankali, “In na kwance wannan, da wa zan zauna ran Asabar?”

Na fito na kama hanyar ɗaki.

Litinin, 30 ga Oktoba

Oga ya ga fuskata, yau bai yi mini tsawa ba. Ko daɗin hakan ban ji ba.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Na ɗaga tukunyar gas da na danne katunan da ita tsakanin tsummoki. Direba ya tsaya a kaina da buroshi a baki yana leƙe. Ya ce me ya sa masu jar riga suka fito lafiya, masu baƙar riga suka zama kamar ganyen da akuya ta tauna? Na ce jajayen ne a saman leda, da su na fara. Ya ce, “Jajayen ba naka ba ne ai.” Na ce ya je ya tofar da kumfar bakinsa.

A saman ledar suke. Yawancinsu dai.

Na tambaye shi ko ya san garejin da mutumin ke aiki. Ya sani, bayan tashar manyan motoci, kuma wai a rufe yake tun Asabar. Tambaya kawai na yi. Makanike da karyayyen ɗan ali ba abin da zai iya kwancewa, wannan kowa ya sani, ba damuwata ba ce. Robar daskararren nama na samu mai murfi, na wanke ta da ruwan zafi, na jera nasa a ciki don kada su cika mini wuri.

Macijin ya tafi, hoton ya biyo tsumma.

Abin da na iya cetowa: nasa, hamsin da huɗu cikin sittin. Nawa, talatin da ɗaya.